Shamuwa Ta Riga Mai Gatari

A tsakar gidanmu a Gwandu akwai wata kuka. Ban san wanda ya shuka ta ba, kuma ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce kakansa tsaye ya tarar da ita, a gefen da tsohuwar ganuwa ta bi. Ganuwar yanzu babu, sai tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Tsofaffi suna cewa kafin garin ya zama gari gandu ne na sarakunan Kabi, daga nan sunan ya fito. In haka ne, wataƙila wani manomi ya sha fura a gindinta tun babu ɗaki ko ɗaya a wurin. Wannan zatona ne kawai.

Abin da na sani da idona shi ne babban reshenta, wanda ya miƙa gabas ya bi ta saman ɗakin Inna, mahaifiyata. Mutum biyu ba su rungume shi. A kansa shamuwa ke yin sheƙa kowace damina, tun ina yaro har na fara furfura.

Wata bazara, lokacin da kuka ke tsaye babu ganye, ina kwance a tabarma bayan azahar sai idona ya kai inda reshen ya haɗu da uwar iccen. Na ga wani baƙin zane kamar an ja da gawayi. Na tashi na zagaya, na duba ta yamma, na duba ta kudu. Tsaga ce. Da safe na sake dubawa, na ga kamar ta ƙaru. Ko ta ƙaru ɗin, ko idona ne, har yau ban sani ba.

Ni mutum ne mai saƙe-saƙe. Ina iya kama hanyar gona in komo daga rabi don in duba ko na ɗaure akuya, in tarar na ɗaure, in koma, in sake shakka. Matata takan ce da damuwa noma ce, da rumbunmu ya fi na kowa a unguwa. Amma wannan karon tsohuwa ce ke kwana ƙarƙashin reshen da in ya faɗo ba zai bar ɗakin ba, ga damina tafe da iskarta.

Ga kuma wata wahala. Ni ne ɗan farin Inna. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Matan yanzu sun sassauta, amma Inna 'yar masunta ce daga wani ƙauye na bakin fadamar Kalgo, kuma ta riƙe kunyar nan yadda ta same ta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi mini magana sai ta yi wa wani, matata ko jikokinta, in babu kowa kaji ma sun isa. “A ce ma mai gidan ga katangar baya ta zube.” Ina tsaye a wurin ina ji. In na gaishe ta da safe daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani gefe. Ƙannena mata suna hawa gadonta su yi ta surutu har da gardama. Ni ban san yadda ake gardama da ita ba.

Don haka matata na aika. Ta shiga ta daɗe, ta fito da amsa gajeruwa. Inna ta ce ta ga tsagar tun kafin in gani. In za a sare a sare, amma a yi kafin baƙi su sauka. Baƙi a bakinta shamuwa ke nan.

Shamuwa baƙar tsuntsuwa ce mai dogayen ƙafafu, cikinta fari fat. Inna takan ce ita kaɗai Allah ya halitta da farin ciki, sauranmu sai mun nema. Da rani ba a ganinta. Idan zafi ya kai matuƙa, gajimare ya fara taruwa a gabas, sai a wayi gari a gan ta a kan kukoki da tsamiyoyin gari, manoma kuma su fara fiddo iri. Ba a jifarta, ba a ɗaukar ƙwanta. Muna yara an ce mana wanda ya taɓa ƙwan kansa zai cika da ƙora. Kuma iccen da ta aza wa kara ɗaya na sheƙa, ba a sa masa gatari sai ta yaye 'ya'yanta ta tafi.

Izini na samu, lokaci kuma akwai. Da wani ne, da ya kira mai sara a ranar. Ni kuwa na shiga tunani. In reshen ya faɗa katangar maƙwabci fa? Na je in sanar da shi, na tarar ya tafi Dodoru ta'aziyya, na jira ya komo. In mai saran ya zamo daga sama fa, alhakin ransa a wuyan wa? Jikin kuka santsi gare shi. Sai na ƙi masu saran cikin gari, na shiga cigiyar wanda ya saba da kuka, har aka kwatanta mini wani dattijo a Maruda. Na hau babur na same shi. Ya ce igiyarsa ta tsufa, sai ranar kasuwa ya sabunta. Na ce gara haka, kada ta tsinke da mutum. Kowane dalili na kawo, in ka dube shi shi kaɗai, mai kyau ne.

Ranar da muka yi da shi ya zo da hantsi, gatari da igiya ɗaure a bayan babur. Na shigo da shi tsakar gida, ya ɗaga kai don ya auna aikinsa. Ni ma na ɗaga. A kan reshen, daidai saman ɗakin Inna, shamuwa biyu suna tsaye, ɗaya da kara a baki. Muna kallo ta sunkuya ta aza shi, ta gyara, ta sake gyarawa.

Dattijon ya jingina gatarinsa a bango.

“Maigida, an riga ni,” ya ce. “Ni ba ni sara bisa kan baƙo.”

Na ce kara ɗaya ne fa, ko ƙwai babu. Ya ce ɗaki ma da tubali ɗaya ake fara shi. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya ce in neme shi da kaka in Allah ya kai mu. Inna kuwa ta fito da tsohon kaskonta, ta cika shi da ruwa ta ajiye a gindin kukar, yadda take yi duk shekara ranar da suka sauka. Ba ta dubi inda nake ba.

Ba a jima ba sheƙa ta cika reshen. Kowace tulin ƙirare ce, ga nauyin tsuntsayen, ga kuka ta fara tofo, ganye ma nauyi ne. Na ce to a mayar da Inna ɗakin kusa da zaure, in gyara shi in shafe. Matata ta kai saƙo ta komo. Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a nan mijinta ya bar ta, ba abin da zai fitar da ita sai makara.

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce maganar ƙora canfi ne. Raba tsuntsu da 'ya'yansa ba gaira ba dalili abin ƙi ne, amma ran mutum yana gaba, in na tabbata reshen zai faɗo. Na ce ban tabbata ba. Ya ce to in na tabbata ba zai faɗo ba, in bar shi. Na ce wannan ma ban tabbata ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Na fito da kayana a kai yadda na shiga da su.

A bakin tasha akwai masu injin yanka katako. Ɗayansu ya ce shi babu ruwansa da shamuwa, kafin a dama fura ya gama. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na dai faɗa wa matata muna cin tuwo, kuma ɗakin Inna ba nisa. Da safe na tarar ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin reshen, daidai inda zai sauka, ga butarta, ga carbinta, ga faifai tana tsince wake. Kashin shamuwa yana ɗiga a gefenta, ba ta matsa ba. A nan ta yini. Ban sake bi ta tasha ba.

Hadarin farko mai ƙarfi da la'asar ya taso. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar kwanoni da shanya, matata ta kora yara ɗaki. Inna ta shige nata ta saki asabari. Ni na tsaya a tsakar gida ina kallon sama. Reshen yana sauka yana hawa, shamuwa sun lafe a sheƙa, kuma daga wajen tsagar ina jin ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Ruwa ya sauko. Na matsa har bakin ƙofarta na tsaya. In shiga in ɗauko ta, ban taka cikin ɗakin nan ba tun da na girma. In kira ta, me zan ce? Na yi gyaran murya kawai.

Can sai na ji muryarta daga ciki, tana yi wa kyanwarta magana.

“Ke mussa, ce ma na waje shi shiga daga ruwa. Ƙirjinai bai son sanyi.”

Ban shiga ɗakina ba sai da iskar ta kwanta. Reshen bai faɗo ba. Na yi kwanaki ina tari.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na kira Kawu a waya, ƙanen Inna da ya rage a ƙauyensu na Kalgo. Na roƙe shi ya aiko yana son ganinta, ta je ta yi damina a can. Sai kuma na ji tsoron kada ya zama na sa dattijo ƙarya. Ya yi dariya ya ce ai ganin nata yana so da gaske, babu zunubi. Inna ta karɓi saƙon, ta ɗaure ƙullin kaya ƙarami ƙwarai. Daga girman ƙullin na san ba damina za ta yi ba. Kafin mu fita ta ja wa matata kunne kada kaskon ya bushe. Muka shiga bas ta Birnin Kebbi, ita a gaba, ni can baya ina kallon ƙeyarta duk ramin da muka faɗa.

Ƙauyen yana kan ɗan tudu. Daga bayan gidan Kawu ƙasa ta gangara, sai fadama shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ruwa ya fara shigowa, shinkafa ta yi kore, hanyoyin ƙafa sun koma hanyoyin jirgi. Da yamma Kawu ya ce in raka shi duba gura, tarkon kifinsa na saƙa. Ni da ruwa ba ma shiri. Na zauna a tsakiyar jirgin na riƙe gefe da gefe, shi yana tsaye a baya yana tura gwangwala, tsoho da shi.

“Saki jirgin, ɗana, ba shi gudu shi bar ka.”

Ban saki ba. Amma da muka yi nisa na fara ganin abin da ke gabana. Kirinjijiya suka tashi daga ciyawa garke guda, suna fito kamar yara, suka zagaya suka koma inda suka tashi. Balbela sun yi fari a bayan shanun Fulani. Wani zalɓe yana tsaye cikin ruwa bai motsa ba har muka wuce, Kawu ya ce wannan ya fi shi iya su, ga shi bai taɓa ɗinkin taru ba. Can nesa ya nuna mini dinya, manyan agwagin ruwan nan, ni dai baƙi-baƙi na gani. Da gungun wasu ƙananan tsuntsaye ya wuce kamar hayaƙi sai ya ɗaure fuska, ya ce jan-baki ne, ɓarayin shinkafa, ba kowane mai fiffike ne baƙo ba.

Ya ce abin da nake gani saura ne. Suna yara gauraka kan sauka a fadamar nan da yamma, kowace da tukkunta, kukansu har cikin gari. Aka yi ta kama su ana kai wa masu hali su yi adon gida, aka nome inda suke ƙwai, yanzu jikokinsa sai a hoto. Ya nuna mini wani gurbi mai zurfi da har yau ake kira gurbin dorina, alhali shi kansa bai ga dorinar ba, babansu ne ya gani. Yana faɗa yana zazzage tarwaɗa cikin jirgi, suna tsalle a ƙafafuna.

A nan na kwashe maganar reshen na gaya masa, har da tsayuwata cikin ruwa. Ya kafe gwangwalar a laka, ya zauna ya dube ni.

“Kai ba ka san mi ya haɗa Innarka da tsuntsayen ga ba?”

Na ce na ɗauka al'ada ce kawai irin ta tsofaffi.

Ya ce a gidansu aka haife ni, a ɗakin kakata, don haihuwar fari a gida ake yi. Na zo ƙarami, ga tari, har wasu suka ce kada a wahalar da ragon suna. Da Inna ta gama wanka, yana cikin waɗanda suka raka ta Gwandu. Suna shiga gidan, shamuwa na sauka a kukar, rana ɗaya. Wata tsohuwa cikin dangin mahaifina ta buɗe zane ta dube ni, ta ce a gaban kowa, wannan ba zai ga shamuwar baɗi ba. Inna yarinya ce lokacin, ga kunyar ɗan fari, ba bakin amsawa, ko hawaye ba ta da damar yi. Sai ta ɗauki kasko ta zuba ruwa ta kai gindin kuka. Da shekara ta zagayo suka komo, ina raye ina rarrafe. Ta sake zubawa.

“Shekarunka ba da Sallah taka ƙirga su ba,” in ji Kawu. “In ta zo nan muna hira, ba ta cewa wane ya girma, wane ya yi aure. Sai ta ce, bana ma sun zo.”

Na sunkuyar da kai ina duban tarwaɗa. Kawu ya ce in bar sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane, maganar reshe muke yi. Rumbu in ya karkata ba a rushe shi da hatsi a ciki, tokare shi ake yi har a cinye. Yana da gungumen giginya biyu da ya ajiye don rufin ɗakin da bai samu ginawa ba, giginya kuwa ko gara tana shakkarta.

Na komo gida ni kaɗai saboda noma. Ba a daɗe ba sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, giginyoyi a baya, Kawu da Inna a gaba. Ya ce ta hana shi sakat, wai ƙwai ya isa ƙyanƙyashewa kuma yaran gidan ba su iya korar shirwa ba. Maƙwabta suka taya mu. Aka haƙa rami a gaban ɗakin da bayansa, aka sassaƙa wa kowane gungume baki kamar gwafa, aka ɗaga da igiya da salati har suka shiga ƙarƙashin reshen, aka cike ramukan da duwatsu. Ina ta tsoron ƙwai ya faɗo a ce ni ne. Su kuwa tsuntsayen ko a jikinsu, leƙo mu kawai suke. Na tambayi Kawu ko biyu sun isa, ko a nemo ta uku. Ya ce wa matata ta ba ni fura in sha in kwanta.

Kafin ya tafi ya shiga ɗakin Inna ya daɗe. Ban san abin da suka faɗa ba. Na dai ga hadari na gaba da ya haɗo, Inna ta fito da faifanta ta ce wa kaji ɗakinta ya yi duhu, ba ta ganin tsakuwa a shinkafa, ta shige ɗakin matata har ruwa ya ɗauke. Daga ranar, duk hadarin da ya taso sai shinkafa ta samu tsakuwa, ko jika ya buƙaci tatsuniya. Ba wanda ya tanka. Amma ruwan da ya zo bayan an kwanta a ɗakinta yake samunta, ni kuma ya same ni zaune a bakin nawa.

Da yake kullum idona yana sama, sai na san tsuntsayen ba da niyya ba. Ba su da kuka sosai, sai ƙwanƙwasa baki in ɗaya ya komo. Uwa da uba karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya tafi fadamar bayan gari wajen rake, ya komo da fara da kwaɗi. In rana ta yi zafi sai babbar ta buɗe fiffike ta yi wa 'ya'yan inuwa, tana kallon wani wuri kamar ba don su take yi ba.

Gero ya nuna, aka fara yanka. Wata rana shamuwa suka taru a sama suna zagaye suna hawa, har suka zama ɗigo-ɗigo, suka yi kudu. Inna ta wanke kaskonta ta kife, ta ce wa jikarta baƙi sun tafi, mai aiki ya yi aikinsa.

Wannan karon ban nemi shawarar kowa ba. Dattijon Maruda ya zo, Inna kuwa ta fita tun da safe wai barka za ta. Ya hau ya fara daga ƙarshe, yana sara guntu-guntu ana saukewa da igiya, ƙirare da gashin tsuntsu suna zubowa. Da ya kai wajen tsagar ya jefo mini wani yanki. Cikinsa ya ruɓe kamar soso, na matsa baƙin ruwa ya fito. Na tambaye shi da yaushe zai faɗo. Ya ce wataƙila da iskar nan ta farko, wataƙila sai jikokina sun girma, kuka ba ta shawara da kowa. Na zauna a kan turmi.

Da Inna ta komo ta tsaya ta dubi sama. Inda reshen yake sai sarari, rana tana dukan rufin ɗakinta. Ta shige ɗaki, ko kaji ba ta kula ba.

Na samu abin da nake so, tana kwana babu komai a bisa kanta. Sai wata damuwar ta maye gurbin waccan. Reshen da aka sare shi ne gidansu, sauran rassan ban taɓa ganin sheƙa a kansu ba. In sun zo ba su ga wurinsu ba fa? Na tuna gauraka da gurbin dorina, kuma yanzu na san abin da Inna ke ƙirgawa. Giginyoyin nan ban cire su ba. Na aro tsani, ni da ke tsoron hawa katanga, na ɗaure tsohon kwando a bakin kowace, na zuba ƙirare. Maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko zan sa musu katifa.

Bazara ta zo. Na ga shamuwa a tsamiyar masallaci, na gan su a kan dogon ƙarfen sabis na bakin hanya. Gidanmu shiru. Inna ta fiddo kaskon ta ajiye a ƙofar ɗakinta a kife. Idonta ya yi rauni a shekarar, ba ta ganin sama. Kowace safiya in na durƙusa gaisuwa sai ta tambayi kyanwa ko an ga baƙi, ni kuma in ce wa kyanwar tukuna. Matata ta ce in ce sun zo mana, tunda sun zo garin ai ba ƙarya ba ce. Na juya maganar na juya, na ga ƙarya ce. Ban faɗa ba.

Har aka yi ruwan shuka. Ina shirin fita da iri da sungumi na ji ƙwanƙwasar baki a sama. Shamuwa ce tsaye a kan kwandona. Ta zaro kara daga ciki, ta tashi da shi can ƙololuwar kukar, inda 'yar'uwarta ke jira a wata gwafa da ban taɓa lura da ita ba. Ta aza, ta komo ta ɗauki wani. Na tsaya ko wasu za su biyo. Babu.

Na je bakin ƙofar Inna na durƙusa. Kyanwa ba ta nan, yara sun tafi makaranta, matata ta shiga maƙwabta. Babu wanda za a aika.

“Inna, sun sauka,” na ce. “Amma biyu ne kawai.”

Na ji motsin gado, sai hannunta ya ɗaga asabari. Ba ta dube ni ba. Ta lalubo kaskon ta turo shi gabana.

“Biyu ai gida ne. Tashi ka zuba musu ruwa, ni ƙahwata ba ta kai ni.”

Sai da na kai randa na lura da ni ta yi maganar. Na cika kaskon, na kai gindin kuka na ajiye, na ɗauki sungumina. Na kusa ganuwa sai na juyo, in duba ko na girka shi daidai, kada ya karkace ruwan ya zube.